Gwiwar Tsohuwar Saniya

Ranar da kwalbar ta iso sai da na ɗaga ta wajen taga kafin na yarda akwai abu a ciki. Tsawonta bai kai ɗan yatsana ba, ruwan da ke gindinta kuwa in ka juye a tafin hannu ɗigo biyu ne. Wata huɗu na yi ina jiranta. Kwana tara daga ciki a rumbun kaya na filin jirgi ta yi su, kullum ana ce mini in dawo gobe, har ƙanƙarar da aka naɗe ta da ita ta narke. Da na buɗe akwatin na tsoma yatsa sai na ji ruwa mai ɗumi.

Sunana Zakiyya, shekarata ta shida ke nan ina fama da digiri na uku. An ƙara mini lokaci sau biyu, ɗaya saboda haihuwa, ɗaya saboda yajin aiki. A karo na uku jami'a ta rubuto mini takarda mai layi huɗu: ranar ashirin da takwas ga wata ko in tsaya gaban kwamiti da sakamako a hannu, ko a cire sunana. Kwalbar ta shigo hannuna ranar shida ga wannan watan.

Aikina a kan guringuntsin gwiwa ne, farin abin nan mai santsi da ke lulluɓe da kan ƙashi, wanda in ya cinye sai mutum ya koma yin salla a kujera. A cikinsa akwai wani sinadari da ake kira keratan salfet, ni kuma ina so in ga inda yake taruwa da inda yake ɓacewa a gwiwar da ta lalace. Ido ba ya ganinsa, ko da madubin ƙara girma. Sai an ɗiga masa antibodi, wato ruwan da ke cikin wannan 'yar kwalba, wanda ba ya kama komai sai shi. In ya kama, aka bi shi da wasu ruwaye biyu, wurin zai yi launin shayin da ba madara. In bai kama ba, gilashin zai fito fari fat.

Gwiwa ashirin da huɗu na tara a shekara huɗu, daga mutanen da aka yi wa aiki a asibiti. Yawancinsu mata ne manoma daga garuruwan Kwali da Paikon Kore, waɗanda suka tsufa suna dakon doya da itace. Kowace sai da na zauna bakin gadonta na yi mata bayani, wata da tafinta, kafin ta dangwala mini yatsa. An yanka guringuntsin siriri kamar fatar albasa, an shimfiɗa a kan gilas, kowace da lambarta, suna jere cikin akwati a firiza. Ruwan kwalbar kuwa awo ɗari ne da ɗan ma'aunin da muke zuƙa da shi. Kowane gilas awo biyu yake ci in an sirka. Na yi lissafi na ga zai ishe ni har ya yi saura.

Madam Perpetual ce ke riƙe da ɗakin gwajinmu. 'Yar Filato ce, shekararta ashirin da biyu a wannan ɗaki, kuma tun da nake ban ga mai tsimi irinta ba. Robar da kowa ke amfani da ita sau ɗaya ya jefar, ita sai ta wanke ta shanya a taga. Tana da doka guda wadda har farfesoshi ba sa ƙetarewa: duk wani sabon ruwa da ya shigo, a kan ɓera za a fara gwada shi. Fararen ɓeraye muna da su a ɗakin baya suna ta haihuwa, naman mutum kuwa in ya ɓaci ya ɓaci. Ba zan ci amanarta ba, dokar ta ceci ɗalibai da yawa a gabana.

"Ɓera first, my daughter," in ji ta, tana juya kwalbar a hannu. "Balle wannan da ya sha rana a airport. Ba za ki taɓa gilasan mata na ba sai mun ga yana aiki."

Ban yi musu ba, don ni ma ra'ayina ke nan. Na duba takardar da ta zo da kwalbar, ga jerin dabbobin da antibodin ke kamawa, mutum, saniya, kaza, ɓera. Na sa biro na ja layi a ƙarƙashin ɓera.

Aikin kwana biyu yake ci. Yau ka ɗiga ruwan ka rufe a firij ya kwana, gobe ka wanke ka bi da sauran, sannan ka zuba ido. Na yi na farko a kan gilas biyu na gwiwar ɓera. Washegari na ɗiga ruwan ƙarshe na tsaya da agogo a hannu. Minti ɗaya, minti biyar, minti goma. Fari fat.

Na san abin da ya faru, ko in ce na ɗauka na sani. Zafi ya kashe antibodin. A ranar na rubuta wa kamfanin wasiƙar da ko yanzu in na tuna nake jin kunya, na kuma yi wa mutanen filin jirgi Allah ya isa har sai da maƙogwarona ya bushe. Madam Perpetual ta bari na gama, sannan ta ce ba lallai ya mutu duka ba, wataƙila rauni ya yi, a rage sirki a gani. Na rage. Maimakon awo biyu na zuba huɗu a kowane gilas. Fari.

Na kira Farfesa Yamusa, wanda ke duba aikina. Mutumin kirki ne, sai dai ganinsa ya fi ganin watan Sha'aban wuya, kullum yana wani taro a wani otal. Ya saurare ni a waya, ana ta tafi a bayansa.

"Malama Zakiyya, ki bi maganar Madam," ya ce. "Kada ki sa hannu a na mutane sai kin ga launi da idonki."

"Ranka ya daɗe, ruwan yana tafiya."

"In na mutanen suka tafi fa? Ki ƙara haƙuri."

Na ƙara haƙuri, na ƙara ruwa. Daga nan kuma babu wanda ya sa ni, ni da kaina na riƙa ƙarawa, kamar mai miyar da ba ta ji gishiri ba. Na canza ɓera, na ce ko wancan yaro ne. Na canza ruwan wanki. Na zuba goma goma a gwaji na huɗu, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. A gida na daina girki, maigidana Aminullahi ya koma sayo wa yara shinkafa a leda, haƙurin nasa ma haushi yake ba ni. Gwaji na biyar na zuba abin da ko mataccen antibodi ya kamata ya motsa. Na wanke da safe, na ɗiga, na jira. Na ɗaga gilashin sama ina juya shi ko zan yaudari kaina da ɗan duhu a gefe, amma babu ko ɗis.

Saura kwana tara. Ina zaune a kan doguwar kujerar ɗakin na dafe kai sai ga Dakta Meshach, likitan dabbobin da ke kula da ɗakin ɓeraye. Mutum ne mai sanyin magana, kullum da gyaɗa a aljihu.

"Madam Zakiyya, ɓerayena biyar kin cinye," ya ce yana dariya. "Me kike nema a ƙafarsu haka?"

Ban ɗago ba na ce masa keratan salfet.

Ya daina tauna. "A guringuntsi?"

"A ina kuma?"

"Na ɓera?" Ya dube ni, ya dubi Madam Perpetual da ke wanke kwalabe a famfo. "Ai ba su da shi a nan wurin."

Na ce ban gane ba.

"Ɓera ba shi da shi a guringuntsi. Mutum yana da shi, saniya tana da shi, kaza ma haka. Ɓera dai a ido za ki same shi, a farin gilashin idon nan. A gwiwa ko shekara za ki yi kina zubawa ba abin da zai kama."

Na fizgo takardar kamfanin na nuna masa inda na ja layi. Ya karanta, ya juya bayanta, ya ɗora yatsa a kan wasu ƙananan haruffa da ban taɓa kai wa gare su ba. An gwada a ɓera, gaskiya ne, a idonsa. Na buɗe kwamfuta na nema, ko minti biyar ban yi ba na samu. Tun kafin a haife ni wasu suka rubuta wannan magana, tana nan a fili ga duk mai son karantawa. Shekara shida ina karatun gwiwar mutum, ban taɓa tsayawa na tambayi ta ɓera ba.

Dakta Meshach ya ce sorry sau uku ya fita. Na ɗauko kwalbar na sa a injin juyi don abin da ya manne a jiki ya sauko, na zuƙa na auna. Awo goma.

Abin da na faɗa wa Madam Perpetual a wannan rana ba na alfahari da shi. Na ce dokarta ta banza ta kashe ni. Na ce shekara ashirin da biyu tana wanke roba ba ta taɓa buɗe littafi ba. Na ce in an kore ni ita ce. Matar da ta girme ni da shekara goma sha biyar, wadda ta riƙe mini jariri a wannan ɗakin ina aiki, ta tsaya da kumfa a hannu tana saurare har na ƙare. Ba ta ce ni na ja layi a takarda ba, ba ta ce ni na zuba goma goma ba, alhali duk gaskiya ne.

Ta ɗauraye hannu ta ce, "Har yanzu ba mu san ko ruwan yana da rai ba. Gobe ki samo ƙafan saniya. Tsoho, ba yaro ba, tsoho ya fi yawan abin. Ni zan yanka."

Ƙarfe bakwai na safe ina kasuwar Kado da kular abinci a hannu. Na fara tsayawa wajen masu kifi na cika ta da ƙanƙara, sannan na zagaya inda mahauta suke. Akwai wani Bakatsine da ake kira Ɗangoggo, wurinsa nake sayen ƙafar sa in zan yi farfesu. Yana hango ni ya fara wasa wuƙa.

"Hajiya, yau kin yi sammako. Ga ta nan, yanzu aka kawo, ko ɗumi ba ta huce ba. 'Yar karsana ce, wallahi wuta ɗaya za ta yi lugub."

"Tsohuwa nake so."

Ya yi dariya. "Haba Hajiya, ni Ɗangoggo in sayar da tsohuwa? Tambayi kowa a layin nan."

"Malam Ɗangoggo, don girman Allah ka ji ni. Gwiwar tsohuwar saniya nake nema, wadda ta fi kowace tsufa. Ba ci zan yi ba."

Ya tsaya yana kallona. Na san abin da ke ransa, ya ɗauka tarko ne, ko wata ce ta aiko ni in kama shi da bakinsa. Mutumin da ya shekara talatin yana rantsuwa cewa duk abin da ke teburinsa ɗan shekara biyu ne, yau ga mace tana roƙonsa ya ce ƙarya yake yi. Ya sake cewa shi dai bai san tsohuwa ba. A nan hawaye suka zubo mini, a tsakiyar kasuwa, gaban ƙudaje da masu wanke tumbi. Ban shirya ba, zuwa kawai suka yi.

"Subhanallahi," ya ce. Ya waiga dama da hagu, ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya jawo wata ƙafar baya, ya rage murya. "Wannan ta haihu ya fi sau takwas. Haƙoranta duk sun zube. Amma ba daga bakina kika ji ba."

Na nuna masa inda zai sara, sama da gaɓar da ƙasa da ita, kada wuƙa ta taɓa farin. Ya yi aikin a hankali kamar likita, ya naɗe a leda ya tura cikin ƙanƙarar da kansa. Da zan tafi ya ce Allah ya ba mai jinyar lafiya. Ban gyara masa ba, na ce amin.

Kafin ƙarfe tara ina ɗakin gwaji. Madam Perpetual ta riga ta kunna injin yanka mai sanyi tana jira. Ba mu gaisa sosai ba. Ta fere guringuntsin, ta daskarar, ta zauna tana juya hannun injin, yanka shida ta jera a gilas ɗaya, ko wanne lafiyayye ba yagewa. A duk ginin babu mai hannunta, wannan ko ina fushi na sani. Na zuƙi awo biyu cikin goman da suka rage, na sirka yadda takarda ta ce tun farko, na ɗiga, na rufe a firij.

Washegari na wanke, na bi da na biyu, na sake wankewa. Na ɗiga ruwan ƙarshe na kai hannu zan danna agogo. Ban kai ga dannawa ba launin ya fara fitowa. Ya taso daga tsakiya ya bazu, ruwan ƙasa mai kyau, ya yi duhu a can ciki ya yi haske wajen baki, daidai yadda yake a littattafai. Na sa a madubi na leƙa. Kowace 'yar ƙwayar halitta tana zaune a raminta, launi ya kewaye ta. Shekara shida ina mafarkin ganin wannan abu, ban taɓa ganin abin da ya kai shi kyau ba, kuma ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan lokacin ba. Antibodin lafiyarsa ƙalau. Zafin filin jirgi bai yi masa komai ba. Ni ce na ɗauki awo casa'in na lafiyayyen ruwa na wanke a famfo.

Awo takwas suka rage, wato gilas huɗu. Na kira Farfesa Yamusa na gaya masa komai, ban ɓoye nawa laifin ba. 

"Huɗu ba za su wuce kwamiti ba, Malama Zakiyya. Ko ashirin sai mun yi gardama."

"In aka sake oda fa, ranka ya daɗe?"

"Wata huɗu, kin fi ni sani. Zan roƙa, amma sau biyu na roƙa a kanki, kuma wancan karon sun sa na sa hannu cewa shi ne na ƙarshe."

Na tambayi duk inda na sani. Na kira Zariya, na kira Ibadan, na kira wata da muka yi karatu tare da ke Jos. Masu aikin guringuntsi a ƙasar nan ba su da yawa, mai wannan antibodin kuwa ban samu ko ɗaya ba. Kwana biyu na yi a kan waya, saura kwana biyar.

A rana ta uku da hantsi Madam Perpetual ta rufe ƙofar ɗakin ta sa sakata, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ɗauko gilashin saniyar ta ajiye a gabana. Ba a rubuta komai a kansa ba tukuna.

"Yanka shida ne a nan," ta ce, ba ta kalle ni ba. "Kowane ɗaya, in kin matsa gefe, hoto daban ne. A cikin microscope saniya da mutum, waye zai gane? Ki ɗauka twenty-four. Ni zan sa hannu a littafin lab cewa na ga kin yi."

Na dube ta. Matar nan dattijuwa ce a cocinsu. Na taɓa ganin ta mayar da ɗalibi baya wata shida saboda ya gyara lamba ɗaya a littafi. Yanzu ga ta tsaye tana miƙa mini abin da ta fi ƙi a duniya.

"Madam, ba za ki iya ba."

"Ni na ce ɓera first. Ni na kashe ki, kin faɗa, kuma gaskiya ne. Bari in ɗauka zunubin."

Ina so in ce na ƙi nan take, amma ba haka aka yi ba. Na tuna shekara shida. Na tuna mahaifina a Zariya da ya riga ya fara ce mini Dakta a gaban abokansa. Na ce a raina ai ba ƙarya ce gaba ɗaya ba, in sabon ruwa ya zo zan yi na gaskiyan in musanya, ba wanda zai cutu. Na jawo kujera na haɗa kyamara da madubin. Madam Perpetual ta koma bakin taga ta juya mini baya.

Na ɗauki na farko na sa masa lamba ɗaya. Na matsa gefe, na ɗauka, lamba biyu. Abin ya zo da sauƙi har ya ba ni tsoro. Uku, huɗu, biyar, shida. Na matsa kan wani yanka mai kauri, launinsa ya zauna sosai, na ɗauka, na rubuta bakwai.

Lamba bakwai Mama Mabel ce, daga Paikon Kore. A bayan babur aka kawo ta asibiti, 'yarta na riƙe da ita, don ta shekara biyu da rarrafe take zuwa bayan gida. Ina cikin ɗakin tiyata ranar da aka buɗe gwiwarta. Likitan ya kira ni ya ce in zo in gani, ƙashi ne ke gugar ƙashi har ya yi sheƙi, guringuntsin da ya rage bai fi farcen yatsa ba, shi ma duk ya tsattsage. Da ƙyar muka sami abin yankawa. Da na je yi mata bayani kafin aikin, ta ce in ɗauka duka in ina so, a nuna wa likitoci, don shekara da shekaru tana cewa ƙafarta na ciwo ana ce mata tsufa ne kawai.

Hoton da ke gabana na guringuntsi ne mai kauri, santsi, ba ko tsaga. Duk likitan da ya gani a ƙarƙashin lambarta zai ce matar nan lafiyarta lau.

Na daɗe ina kallonsa. Sannan na goge shi, na koma baya na goge shidan. Na ɗauki fensir na rubuta saniya a kan gilashin, da kwanan wata. Ban ji wani sanyi a rai ba, kada in yi ƙarya. Ji na yi kamar na tura kaina rijiya da hannuna.

Madam Perpetual ta juyo ta karanta abin da na rubuta. Ta zauna a kan kujera ta rufe fuska da gefen rigar aikinta. Na ce mata ta yafe mini maganganun da na faɗa, ta girgiza kai kawai. Da ta natsu ta tashi ta zare sakatar, ta ɗauko akwatin a firiza ta buɗe a gabana.

"Wanne huɗu?" ta ce.

Na zaɓi biyu da suka fi lalacewa da biyu masu dama-dama. Lamba bakwai na cikinsu. Duka huɗun suka kama, suka yi kyau, a na Mama Mabel launin ya tsaya tsibi-tsibi a bakin tsagar, sauran wurin ya ɓace, abin da na yi shekaru ina zato ke nan. Da ina da ashirin irinsu da na rubuta abin da za a karanta.

Ranar ashirin da takwas na tsaya gaban mutum bakwai na nuna hoto huɗu. Shugaban kwamitin ya ce hotunan sun yi kyau ƙwarai, sannan ya tambayi sauran. Na ce suna firiza. Ya tambayi dalili, na gaya masa, har da ɓerayen. Wani daga gefe ya yi 'yar dariya ya mayar da ita tari. Farfesa Yamusa ya yi magana mai tsawo a kaina, na gode masa, amma tun yana yi na ga shugaban yana rufe fayil.

Takardar cire sunana ta fito bayan mako biyu. Na je ɗakin gwaji in kwashe kayana, rigar aiki da littattafai da kofin shayi. Madam Perpetual ta taya ni sawa a jaka. Da muka gama ta tsaya gaban firiza tana murza hannu, ta ce akwai abu ɗaya. Dokar sashe ce, duk akwatin da ke firiza sai da sunan ɗalibi mai rajista a jikinsa, in ba haka ba masu duba kaya za su fitar da shi a ƙarshen zango. Ta ce za ta sa sunan Farfesa, don kada a zubar da matan.

Na ce ta sa. Ta ciro akwatin, sanyi na tashi daga jikinsa, gilas ashirin na jere a ciki ba a taɓa su ba. Na tsaya da jakata a kafaɗa ina kallo ta sa farce ta ɓanɓare sunana.